Na Hau Jirgin Lilo Ni Kaɗai Bayan Takaba, Dangin Mijina Sun Ce Na Manta Da Shi

Assalamu alaikum Anti. Shekarata 34, ina aiki a wata ma'aikatar gwamnati a Abuja. Ina zaune a Lugbe da 'ya'yana biyu, namiji ɗan shekara 8 da mace 'yar shekara 4, sai ƙanwata da take taya ni kula da su. Maigidana ya rasu wata tara ke nan, jinyar kwana uku kacal. Na yi takaba na gama, na koma bakin aiki.

Kullum idan motarmu ta biyo ta City Gate sai na hangi wurin wasan nan na Magic Land, wanda a da ake ce wa Wonderland. Marigayi ya sha yi wa yaran alkawarin zai kai mu can da Sallah, Allah bai nufa ba. Wata ranar Alhamis bayan an tashi daga aiki, ban san abin da ya shiga kaina ba, kawai na ce wa direba akwai sauka. A can na yi Magariba, na yanki tikiti, na hau jirgin lilon nan da yake hawa sama ya gangaro a guje. Anti, na yi ihun da ban taɓa yin irinsa ba tunda uwata ta haife ni. Da ya tsaya sai na ga ina dariya, hawaye na zuba. Na sake hawa. Daren ranar ne na fara barci har asuba ban farka ba. Ƙanwata kuwa ce mata na yi aiki ne ya riƙe ni.

Ashe matar wani ɗan uwan maigidana tana wurin da yaranta. Ta ɗauke ni a waya ta tura zauren WhatsApp na danginsu. Surukata Hajiya da ke Jos ta kira ni tana kuka, wai ƙasar kabarin ɗanta ba ta gama kwanciya ba ni ina can ina sheƙe ayata. Yayan maigidana da ke Kubwa ya ce macen da take yawon dare ita kaɗai, tana jefa ranta cikin halaka, ba za a bar mata marayu ba, zai zo ya kwashe su. Ƙanwata ma fushi take yi da ni.

Laifi na yi? Ko kaina ne ya fara taɓuwa? Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne har yanzu raina yana son komawa.

Wata baiwar Allah, daga Lugbe, Abuja

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari, ke kuma ya ba ki ladan haƙuri.

Kanki lafiya ƙalau yake. Da wannan na fara, don na ga shi ne yake cin ki a rai fiye da maganganun dangi. Abin da ya same ki a kan jirgin nan sananne ne a jikin ɗan Adam. Galibin irin waɗannan jirage ba su da injin da ke tuƙa su kamar mota. Jan su ake yi a hankali zuwa kan tudun farko, wanda ya fi sauran tsayi, daga nan a sake su, nauyin jirgin da na mutanen ciki ya ƙarasa aikin. A 'yan daƙiƙun da yake gangarowa jikinki faɗuwa yake yi da gaske, shi ya sa kika ji kayan cikinki sun taso. Ƙwaƙwalwa ba ta san wasa ake yi ba. Nan take za ta sa wasu ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda su saki sinadarin adirenalin, zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya ƙaru, tunanin jiya da na gobe duk su ɗauke. Da jirgin ya tsaya, jiki ya gane ya tsira, sai ya saki gaba ɗaya. Wasu dariya ke kama su, wasu karkarwa, wasu kuka. Ke da kika yi wata tara a ɗaure, duk suka zo miki tare, barci kuma ya biyo baya.

Ihun ne na fi tsayawa a kai. Tun ranar da aka yi rasuwar nan na san kalma ɗaya kike ji daga kowane baki: sai haƙuri. Gaskiya ne addini ya hana kururuwa da yage tufafi da marin fuska a kan mamaci. Amma mu a al'ada mukan zarce, har hawayen ma mu ce a shanye, wai kada a ƙona mamaci. Alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, idanunsa sun zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya kuma bayyana cewa ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, harshe ne ba ya faɗin abin da Allah bai yarda da shi ba. Ke a gida kin daure saboda yara, a ofis kin daure saboda idon abokan aiki, a mota kin daure saboda fasinjoji. A duk faɗin Abuja, kan jirgin nan ne kaɗai wurin da babbar mace za ta buɗe maƙogwaro ta ƙwala ihu babu wanda zai waiwayo, don kowa a ciki ihun yake yi. Kuma ba kowane wuri kika zaɓa ba, wurin da ya yi muku alkawari ne. Wadda ta manta da miji ba nan za ta nufa ba.

Batun laifi kuwa, Allah ya riga ya yanka wa takaba iyaka: wata huɗu da kwana goma, a aya ta 234 cikin Suratul Baƙara. Ayar ba ta tsaya nan ba, ta ci gaba da cewa idan wa'adin ya cika babu laifi a kan abin da matan suka yi da kansu bisa abin da aka sani na kyautatawa. Kin cika naki, har kin ninka shi. Babu wanda yake da ikon ƙara miki wata takabar daga aljihunsa. Wasa da nishaɗi ma ba baƙon abu ba ne a gidan Annabi. An ruwaito ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya kuma tsaya ya kare ta tana kallon Habashawa suna wasa da masu a masallaci. Ba ki bar salla ba, ba ki je da wani namiji ba, da kuɗin guminki kika yanki tikiti.

Sai dai akwai wuri biyu da ba zan goyi bayanki ba. Na farko ƙaryar da kika yi wa ƙanwarki. Yarinyar nan ita ce ta bar nata uzurin take yi miki wanka da abincin yara, sai ga shi a bakin dangin miji ta ji inda yayarta ta je. Fushinta a kan hanya yake. Ita za ki fara gyarawa, yau ɗin nan, kuma ba ta buƙatar dogon bayani. Ki ce mata kin ji kunyar faɗa ne, kin yi kuskure, ta yafe miki. Ki lura, ɓoyewar nan ce ta ba abin kamannin rashin gaskiya. Da a ce ranar kin kira gida kin ce ga inda kika tsaya, da bidiyon ya iso ya tarar an riga an sani, rabin dafinsa ya zube. Bayan haka akwai hatsarin da ya fi surutu: kina wani wuri da dare, duk duniya babu wanda ya san inda kike.

Shi ne na biyun, daren. Yayanku ya ce kin jefa ranki cikin halaka, yana nufin jirgin. Ni jirgin bai dame ni ba sosai. Fiye da shekara ɗari ana gyara fasaharsa, tun wanda LaMarcus Thompson ya buɗe a Coney Island ta Amurka a 1884. A 1919 wani mai suna John Miller ya yi rajistar dabarar saka tayoyi a ƙarƙashin dogo, ta yadda jirgi zai riƙe layinsa ta sama da ta ƙasa, kada ya yi tsalle ya fice. Hanyar komawarki gida ce take tsorata ni. Mace ita kaɗai a bakin titin filin jirgin sama bayan Isha, tana tare duk motar da ta tsaya, ai duk wanda yake zaune a Abuja ya san labarin 'yan wan-cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi. A wannan gaɓar Yaya yana da gaskiya, ko da yake ya faɗe ta a muguwar siga.

Yanzu Hajiya. Ƙanwata, maganarta ta yi zafi, amma ki ɗan tsaya a inda take tsaye. Tsohuwa ce da ta binne ɗan da take sa ran shi zai binne ta. Tana zaune a Jos, ba ta ga dararen da kika kwana ido biyu ba, ba ta ga ramar da kika yi ba. Abin da aka miƙa mata 'yan daƙiƙu ne na surukarta tana dariya cikin fitilu masu launi. Tsoronta ɗaya ne, kada duniya ta ci gaba kamar ba a taɓa yin ɗanta ba, kuma ke ce mutum ta ƙarshe da take zaton za ta taya ta riƙe shi. Wannan ba a gyara shi a waya, balle a zauren WhatsApp inda kowa yake jira ya tofa albarkacin bakinsa. Kada ki rubuta ko harafi ɗaya a can. Ki nemi ƙarshen mako, ki kwashi jikokinta ku bi ta Keffi da Akwanga ku je har ɗakinta, da 'yar tsarabarki. Ki bari a ci abinci, yara su fita tsakar gida, sannan ki durƙusa ki ce: Hajiya, wurin nan da aka gan ni, shi ne inda ya yi wa yaran nan alkawari bai samu cikawa ba. Kullum ta gabansa nake wucewa. Ranar ce na kasa wucewa. Ki gaya mata dariyar da ta gani da hawaye a cikinta. Ki ba ta haƙurin yadda labarin ya iso mata, ba haƙurin cewa kin yi alfasha ba, don ba ki yi ba. Ina kyautata zaton ku biyun za ku yi kukan da kowacce ta daɗe tana yi ita kaɗai. Idan kuma ta ƙi saurara a karon farko, kada ki yi zuciya. Ki ci gaba da kiran gaisuwar Juma'a, ki riƙa ba yaran waya su gaida kakarsu.

Ita kuwa mai ɗaukar bidiyo, aya ta 12 a Suratul Hujurat ta ishe ta, wadda ta hana bin diddigin mutane da cin naman juna. Da alheri take nufi, da ta ƙaraso ta gaishe ki ta tambayi yara. Kada ki neme ta da faɗa, za ki ba ta labari na biyu ne kawai.

Maganar kwashe yara ita ce mai nauyi, don haka ki san matsayinki kafin ki buɗe baki. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu suke bi a sha'anin aure da gado, renon yara haƙƙin uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Haka yake a Risala, littafin da kusan kowace makarantar zaure take karantarwa. Ko da uwa ta rasu ko ta yi wani auren, kakar yara ta wajen uwa ce take biye, sannan 'yar uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. Ana iya karɓe reno idan an tabbatar uwa ba ta da amana ko tana tozarta yaran, amma alƙali ne yake tabbatar da hakan da hujja, ba baffa a cikin fushi ba. Fita ɗaya zuwa wurin wasa, yara suna gida hannun innarsu sun ci sun ƙoshi, ba ta kai nan ba.

Amma kada sanin wannan ya sa ki ɗaga masa murya. Baffan marayu ba abin yarwa ba ne. Gobe shi ne zai tsaya a kan auren 'yarki, shi ne namijin da ɗanki zai riƙa kallo yana tuna ubansa. Kuma sau da yawa irin wannan barazanar ciwon rashin ƙani ne yake fita ta inda ya samu ƙofa. Kada ki tunkare shi ke kaɗai. Ki sa mahaifinki ko wani babba a danginku, ko limamin da yake jin nauyinsa, su zauna da shi. A gaya masa an ji damuwarsa game da fitar dare kuma an ɗauka, ƙofa a buɗe take ya zo ya ga yara duk lokacin da ya so, su ma za su riƙa zuwa Kubwa hutu. Batun ɗauke su dai a ajiye shi. A gefe guda ki yi shirinki shiru: takardun haihuwar yaran, rasiɗan kuɗin makaranta, katin asibiti, duk su kasance a hannunki. Kada ki sa hannu a kowace takarda da ba ki karanta kin fahimta ba, kada kuma ki bari a tafi da yaran da sunan kwana biyu alhali maganar ba ta mutu ba. Idan ya matsa, akwai kotunan yanki a Abuja da suke sauraron irin wannan shari'a, kuma ƙungiyoyi irin su ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA sun saba da matsalolin matan da mazansu suka rasu.

Son komawar da yake ba ki tsoro, ni bai ba ni ba. Ki koma. Abin da zan ce kawai, minti biyu a kan jirgi yana sauke nauyi na dare ɗaya ne, ba zai ɗauke miki rashin miji ba. Idan ya zama nan ne kaɗai inda kike iya numfasawa, za ki wayi gari kina zuwa a ɓoye kamar mai shan wani abu. Ki samu mutum ɗaya da za ki riƙa yin kuka a gabansa ba tare da ya ce miki ya isa ba, ko ƙanwar taki, ko aminiya, ko wata da ta riga ki shiga wannan halin. Ki kuma sa ido a kan kanki. Idan watanni suka ci gaba da tafiya barci bai dawo ba, abinci ba ya shiga, aiki yana gagarar ki, ko kika fara jin gara ki bi shi, to wannan ya wuce a yi ta haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya baƙin cikin rashi da ya daɗe ya hana mutum rayuwa cikin jerin larurorin da ake yi wa magani. Akwai likitocin wannan fanni a Babban Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja da kuma asibitin koyarwa na Gwagwalada. Zuwa wurinsu ba shaidar hauka ba ce.

Kafin ki sake hawa, ki tsaya a kemis ko asibitin ma'aikatarku a auna miki jini. Hawan jini yakan shigo shiru a irin wannan lokacin, kuma masu shi, da masu ciwon zuciya ko na wuya da baya, da masu juna biyu, su ake gargaɗi da kada su hau. Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya haura, likita za ki fara gani. In kin zauna a jirgin, ki tattare hijabinki ki danne shi da jikinki, kada ki bar gefensa yana reto, jaka da waya kuma ki ba wani ya riƙe. Ki jijjiga ƙarfen da ake rufe ki da shi ki tabbatar ya kama kafin a tashi. Idan hadari ya haɗo, musamman irin na farkon damina mai iska da tsawa, ki haƙura sai wani jiƙon. In har dare zai yi miki a waje, ko ina ne, ki kira Bolt ko direban da kika sani, ki tura wa ƙanwarki bayanin motar, lambar kiran gaggawa ta 112 kuma ta zauna a wayarki.

Zuwa na gaba dai na fi son ya kasance da rana, ranar Asabar da ba ta Sallah ba don cunkoso, ke da yaran da ƙanwarki. Ɗan shekara 8 bai manta alkawarin babansa ba, ko da bai taɓa tayar miki da maganar ba. Yara sukan yi shiru ne don sun ga uwa tana fama. Ki ce masa yau za mu je inda Abba ya ce zai kai mu. Idan ya yi tambaya ki amsa, idan ya yi kuka ki bar shi. Ƙaramar ba lallai a bar ta ta hau babban jirgin ba, don akan duba tsawon yaro, amma akwai lilon da ya dace da ita. Ki sanar da Hajiya kafin ku tafi, ki tura mata hoton jikokinta da hannunki, kada wani ya riga ki. In kun je Jos ma kuna iya fita da ita gidan namun daji, ta ga yadda yaran suke sakewa.

Ki kuma aika wa Yaya cewa ranar kaza za ku kai yara, ko zai bari nasa su biyo ku. In ya ce shi ma zai zo ya ga abin da idonsa, kada ki hana shi. Ki bar shi ya biya kuɗin tikiti, ai baffa ne.